Motar kara da motar langalanga a ƙasar Magariya da Dungas: abin da wasan yara ya riƙe na tarihin hanya

1. Gabatarwa

Duk namijin da ya tashi a ƙasar Magariya ko ta Dungas ya san motar kara. Ko dai ya haɗa ta da hannunsa, ko kuwa ya yi wa wansa kuka har ya haɗa masa. Duk da haka ba a cika ɗaukar ta abin nazari ba. Masanan da suka yi aiki a wannan yanki sun bi sawun gyaɗa, da sarauta, da iyaka. John Collins ya rubuta kundinsa na 1974 kan kasuwancin gyaɗa a Magariya, William Miles kuma ya kwatanta Yekuwa ta Nijar da Ƴardaji ta Nijeriya cikin littafinsa na 1994. Manyan motocin da suka yi jigilar gyaɗar sun samu shiga rubutu, ƙananan da yara suka yi ta kwaikwaya a bakin hanya kuwa gara ta cinye su.

Abin da muke so mu nuna cikin wannan ƙasida shi ne cewa motar yaro shaida ce ta tarihi. Yaro ba ya ƙera motar da bai gani ba, kuma ba ya kiran sassanta da sunan da bai ji a bakin direba ba. Saboda haka ƙirar motar, da kayan da aka yi ta da su, da kalmomin da ke tattare da ita, suna nuna inda wannan ƙasa ta fuskanta cikin ƙarni na 20. Mulki daga Damagaram da Yamai yake zuwa, amma hanya Kano ta nufa. Mun dogara bisa abin da muka gani muka kuma yi da hannunmu a Magariya daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, da abin da muka ji daga magabata, musamman wani kawunmu da ya yi aikin yaron mota a zamanin gyaɗa.

Domin wanda bai san wurin ba: gundumomin biyu suna kudancin jihar Damagaram, dab da iyakar Nijeriya, kuma suna cikin yankunan Nijar da suka fi cunkoson jama'a. Gunduma ɗaya ce har shekara ta 2011, sa'ad da aka cire Dungas tare da Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Daga birnin Damagaram zuwa Magariya kimanin kilomita 90 ne. Daga nan hanya ta bi ta Tinkim ta shiga Babban Mutum da Ɓaɓura ta wuce Kano. Mutanen Dungas kuwa kasuwar Maigatari ce ƙofarsu.

2. Awo da kama

A Turai ƙera ƙananan motoci sana'a ce ta kamfanoni, kuma abin sha'awa ne na manya. Solido ta fara a Faransa cikin 1932, Dinky Toys a Ingila cikin 1934, Norev cikin 1946, Majorette cikin 1961. Ginshiƙin aikin shi ne awo, abin da Faransanci ke kira « échelle ». Wanda ya fi yaɗuwa shi ne 1/43, wato a raba tsawon motar gaskiya gida 43 a ɗauki kashi ɗaya. Fijo 404, mai tsawon mita huɗu da kusan rabi, sai ta dawo santimita goma da ɗoriya. Mai sha'awar abin yakan sayi sassa ya haɗa, ya yi fenti, ya liƙa lamba, sa'an nan ya sa ta cikin akwatin gilashi ya zauna yana kallo.

Yaron Magariya ba shi da ma'auni sai taƙi da faɗin yatsa, amma kuskure ne a ɗauka ba shi da ƙa'ida. Ƙa'idarsa ita ce kama, kuma alƙalanta su ne sa'o'insa. Idan ya fito da mota suka kira sunanta ba tare da ya faɗa ba, to mota ta yi. Idan kuwa aka tambaye shi « wace iri ce? », ya faɗi ke nan, ko da ta fi ta kowa ado. Wannan ya sa yara ke zura ido ga abin da ke bambanta ƙira da ƙira: zagayen hancin Marsandi, kaifin gefen fitilun 404, yawan tayoyin baya, tsawon bodi bisa ga kai. Na san yaron da aka yi wa dariya sati guda don ya sa wa tirela taya ɗai-ɗai a baya maimakon bibbiyu.

Wuri ɗaya ne kowa ya yarda a karya kama, wato girman taya. Tayar motar yaro kullum ta fi ƙarfin jikinta, kuma dalilin a ƙasa yake. Rairayi ne, musamman wajen Dungas, ƙaramar taya kuwa nutsewa take yi. Motar gilashi ba ta da wannan matsala tun da ba ta zuwa ko'ina. Ta yaro dole ta yi tafiya, ta ɗauki lodi, ta hau tudu ba ta kife ba. Lokacin da nake karatun digiri na uku na taɓa ganin 404 mai tamfol ta awon 1/43 a tagar wani kanti. Kome nata daidai yake har madubi. Na daɗe ina kallo kafin in gane abin da ya sa ban san ta ba: ba ta lotsa ba. Tamu ba a taɓa ganin ta ba sai gindinta na kusa da ƙasa, buhuna a ciki, mutane bisa buhuna, akuya a ɗaure, aparanti na lilo a baya. Yaranmu da wannan lotsawar suke ƙera ta, domin a gare su tana cikin ƙirar motar.

3. Kayan aiki

Kafin mota akwai dokin kara. Yaro ya lanƙwasa kan kara ya yi masa linzami, ya hau yana sukuwa yana kwaikwayon hawan sarakunan Sosebaki, na Dungas da Waca, ko na Magariya. Akwai kuma shanu da dawakin laka. Muna ganin motar kara gadon dokin kara ta ci: abin hawan mai iko ne ya sake, kayan aiki da lokacin wasa suna nan yadda suke, wato daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, sa'ad da gona ta saki yara kuma kara ya bushe. Wata fa'ida da mota ta samu bisa shanun laka ita ce ba ta da siffar mai rai, saboda haka malam bai cika tanka mata ba, sai dai in ta hana karatu.

Karan dawa aka fi so don kauri. Ana fere ɓawon a tsaga shi sili-sili, shi ne ƙusa. Totuwar ciki, mai laushi, ita ce katako: a yanka ta daidai-daidai a jera a soke. Inda ake son ƙarfi a sa ƙayar aduwa. Taya kuwa da sakaina aka fara, a goga ta ga dutse har ta zama da'ira, a huda tsakiya. Kome daga gona da bayan gida yake fitowa, ba a sayen ko ɗaya.

Sauran kayan duk kasuwa ce ta kawo su, kuma kowane yana da zamaninsa. Langalanga, wato siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar yadi ko ta gwanjo da shi, yana samuwa ne inda ake kwance dila, shi ya sa motar langalanga ta fi yawa a garuruwan kasuwa bisa ƙauyukan ciki. Gwangwani ya zo da madara da tumatir da kifi, sa'an nan da man taimako na shekarun fari, 1973 zuwa 1974 da 1984 zuwa 1985. Tsohon silifa, wanda masana'antun roba na Kano suka cika kasuwanni da shi, ya kori sakaina, domin tayar silifa ba ta fashewa kuma tana barin sawu a rairayi kamar ta gaske. Robar cikin tayar keke ta zama igiyar ɗauri, tsinken keke ya zama ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ƙwan tocila da tsohon batir suka ba da fitila.

Da langalanga ne aikin ya kai matsayin gwaninta. Ƙarfen yana lanƙwasuwa yana kuma komawa, don haka ana iya yi wa mota sifirin na gaske, a jera ganye biyu ko uku kamar na babbar mota, ta riƙa lotsawa in an yi lodi. Ana haɗa tayoyin gaba da wata sanda mai juyawa, a ɗaura mata dogon kara ko waya mai zobe a kai, yaro na tsaye yana tuƙi, mota na karya kwana. Daga nan sai ado: tamfol na tsumma, matakala a gefe, ƙyallayen roba a bayan taya, madubi na takardar sigari mai ƙyalli, da kirarin da ake rubutawa a goshin bodi. Almajiri da ajami yake rubuta nasa, ɗan lakwal da boko. Lamba ma ba a barin ta. A ƙuruciyarmu wanda ke son a ce motarsa ta yi nisan tafiya KN yake rubutawa, ta Kano, domin Ɓaɓura da Maigatari cikin jihar Kano suke har aka ƙirƙiro Jigawa cikin 1991. Mai RN kuwa yawanci motar gwamnati yake nufi.

4. Motocin da aka kwaikwaya

An shata iyakar nan tsakanin 1906 da 1908, aikin tawagar Tilho ta Faransa da O'Shee ta Ingila, ta raba ƙasar Daura ta da gida biyu. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kai Nguru cikin 1930. Daga wannan lokaci duk abin da ke da nauyi a kudancin Damagaram, in zai je teku, ta Kano ya fi sauƙi. Faransawa sun ratsa ƙasar da mota don nuna bajinta: ayarin Citroën na Haardt da Audouin-Dubreuil, mai motoci takwas, ya bi ta Damagaram a ƙarshen 1924. Amma ayarin da ya wuce sau ɗaya ba ya zama cikin idon yaro, kuma cikin 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. Motar da ta zauna ita ce mai dawowa kowace kaka.

Wannan ita ce motar gyaɗa. Daga shekarun 1930 Magariya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren awon gyaɗa na Nijar. Cikin 1953 Faransawa suka buɗe abin da suka kira « Opération Hirondelle » don karkata kaya zuwa Paraku da Kwatano, amma ga gabashin ƙasa hanyar Kano ta ci gaba da zama gajera. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA cikin 1962 aka ba ta sayen gyaɗa da fitar da ita, daga baya aka gina masana'antar mai ta SEPANI a Magariya. Collins ya nuna yadda gyaɗa ke tsallaka iyaka a ɓoye, wani lokaci kudu wani lokaci arewa, bisa ga inda farashi ya fi. Motar wannan zamani, wadda tsaran kawuna suka ƙera da kara, ita ce mai bodin katako: kan Bilhodi ko na Marsandi, bodi mai tsawo da kafinta ya haɗa, buhuna har sama. Kara ya dace da ita ƙwarai, domin totuwa jere da juna kamar allunan bodi take. Lodinta kwanson gyaɗa ne, ko ƙananan buhunan tsumma cike da ƙasa.

Wani ɗan bayani da kawu ya ba ni ya cancanci a rubuta. A zamaninsu, in yaro ya yi wa motarsa ƙofar direba mai buɗuwa, ta hannun dama yake yanka ta. Mu kuwa ta hagu muka sani. Dalili shi ne har ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya bisa tsarin Ingila take tuƙi, sitiyari na dama, alhali Nijar tsarin Faransa take bi tun asali. Yaron Magariya na shekarun 1960, ɗan ƙasar da ke tuƙi irin na Faransa, motar Ingilishi yake ƙerawa, don ita ce ke tsayawa ƙofar gidansu. Ban san wata takardar gwamnati da za ta faɗi alƙiblar kasuwancin yankin a taƙaice kamar wannan ƙofa ba.

Fari na 1973 zuwa 1974, da cutar da ta lalata gyaɗa cikin 1975, suka karya wannan zamani. Wake da dabbobi suka maye gurbi, kuma duk Nijeriya suke zuwa, inda kuɗin man fetur ya buɗe kasuwa. A shekarar nan ta 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Abin lura a nan: motar Faransa ce, amma ta kudu ta shigo mana da yawa, da sunanta na Hausar Kano, Fijo. Ƙaramar ta ɗaukar kaya, 404 sa'an nan 504, ita ce motar kasuwa, daga Magariya zuwa Bande, Dan Ciyawo, Sasumburum, Dungas, Maigatari. Sunaye biyu gare ta, a-kori-kura da bashe, kuma za mu koma kansu. Ita muka fi ƙerawa, da gwangwani da langalanga, domin kara ba ya iya fitar da lanƙwasar jikinta. Tare da ita akwai Landiroba ta jandarma da ta likita, da Hayis ta fasinja, da tirela wadda sai gwanaye ke taɓawa, saboda mahaɗin kai da bodi yana da wuyar yi.

Iyakar kanta ta shiga wasan. Daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban Nijeriya na lokacin, El Buhari. Mu da muka fara wayo bayan an buɗe mun tarar da wasan duwan ya kafu. Sai a gitta igiya a lungu, yaro ɗaya ya zauna da hular kwali, kowace mota ta tsaya a duba lodi a biya da fasassun sakaina. Mai wayo ya ɗaura wa motarsa murafun kwalba a matsayin jarkokin fetur, ya zaga ta bayan danga. In an kama shi a tsare motar har a tashi wasa, hukuncin da ya sha jawo dambe na gaske. Ba wanda ya koya mana. Abin da ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur ɗin Nijeriya a kwalabe, ke yi a idon kowa shi muka maimaita.

Cikin shekarun 1990 alƙibla ta ɗan juya. Tattalin arzikin Nijeriya ya raunana, masana'antun haɗa motoci suka ja baya, aka karya darajar sefa cikin Janairu 1994. Tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano suka riƙa ratsa Nijar suna shiga Nijeriya, su ne ƴan Kwatano. Karo na farko ke nan da motoci masu yawa suka bi hanyar daga arewa zuwa kudu. Ba su yi farin jini ga masu ƙira ba. Sun yi kama da juna, ba lodi, ba kirari, kuma wucewa kawai suke yi. Bayan 2000 babur ɗin Sin ya cika ƙauyuka da kabu-kabu, mai ƙafa uku da aka sa wa suna adaidaita-sahu a Kano cikin 2005 ya biyo baya, matatar SORAZ da aka buɗe cikin 2011 ta ƙara yawan tankoki. Yaran da ke ƙira a yau su suke fitarwa: adaidaita ta kwali mai launin rawaya, da tanka ta gorar roba.

5. Kalmomi

Nan ne mai nazarin harshe ke da abin cewa fiye da masanin tarihi, domin motar ta ruɓe amma sunayen sassanta suna bakin mutane. Tun 1971 Claude Gouffé ya yi rubutu kan kalmomin da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci, kuma an saba cewa Hausar Nijar daga Faransanci take aro, ta Nijeriya daga Ingilishi. Magana ce mai gaskiya in an dubi ƙasashen biyu daga nesa. A bakin iyaka rabon ya bi wata hanya dabam, kuma wasan mota yana nuna ta a fili.

Jikin mota da aikinta na Ingilishi ne kusan baki ɗaya: taya, sitiyari, birki, giya, injin, bodi, sifirin, lodi, direba, tasha, kwana. Yaron da bai taɓa jin « volant » ko « frein » ba ya san sitiyari da birki tun kafin ya shiga lakwal, in ma ya shiga. Abin da ya shafi hukuma da takarda kuwa na Faransanci ne: duwan, jandarma, farmi daga « permis », furod daga « fraude ». Cikin wasan da muka kwatanta a sama, yaron da ke tuƙi da kalmomin Kano yake magana, wanda ke tsaron igiya da na Yamai, su biyun kuma Hausa suke yi ba tare da sanin sun raba harsunan Turawa biyu a tsakaninsu ba.

Akwai kuma tagwaye, inda kalmomin biyu ke zaune tare: tamfol da bash, kwalta da gudiro, fetur da esansi, jarka da bido, yaron mota da aparanti, babbar mota da kamyo. A ganinmu ba su zama abu ɗaya ba ko da ma'anarsu ɗaya ce. Zaɓin yana nuna da wa ake magana, da kuma inda mai maganar yake so a ɗauka ya fito. Ɗan ma'aikacin da aka yi wa canji daga yamma bashe yake cewa, ɗan gari a-kori-kura. Na tuna mushenmu ya taɓa gyara mini « sitiyari » cikin aji kamar na yi ɓatanci, ga shi kuwa da ita yake magana da direba ranar kasuwa.

Kalmomin da Hausa ta ƙirƙira da kanta sun fi ban sha'awa. A-kori-kura jimla ce sukutum da ta zama suna, kuma tarihi ne a dunƙule: kura ita ce amalanken da ƙarti ke turawa, motar ta zo ta ƙwace mata aiki. Karen mota, gingimari, hancin mota, ganyen sifirin, duk na gida ne. Aikatau « tuƙa » ya riga mota: da shi ake tuƙa tuwo da jirgin ruwa, juyin sitiyari ne ya jawo shi. Yara kuma suna bambanta aikatau biyu da manya kan gwama. Motar kara haɗa ta ake yi, ta langalanga da ta gwangwani kuwa ƙera su ake yi, kalmar maƙera, domin akwai bugu da yanka ƙarfe. Yaron da aka ce ya iya ƙira ya wuce wanda ya iya haɗi, kuma cikin tsaranmu da dama daga masu ƙirar nan gareji da walda suka ƙare.

Ga ɗalibanmu na nahawu ga misali mai kyau na yawan aikin mahaɗi -r: motar kara (abin da aka yi ta da shi), motar gyaɗa (abin da take ɗauka), motar Kano (inda ta fito ko ta nufa), motar alhaji (mai ita), motar haya (aikinta). Siga ɗaya, dangantaka biyar, inda Faransanci zai nemi « en », « à », « de » ko « pour ». Yaro ɗan shekara bakwai yana cewa « motar karan gyaɗar Kano » cikin wasa, abokinsa bai ruɗe ba. Wannan hali na ɗaukar sunan mota a mai da shi sunan abin wasa ba namu kaɗai ba ne. A Malawi kalmar galimoto, wato mota a harshen Cicewa, ita ce sunan motar waya ta yara, har ta zama sunan wani littafin yara da ya fito a Amurka cikin 1990.

Maganar tana da amfani fiye da aji. An fara koyarwa da Hausa a makarantar gwaji ta Damagaram tun 1973, Abdu Mijinguini ya fitar da ƙamusunsa na Hausa zuwa Faransanci cikin 1994, kuma cikin Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Za a buƙaci kalmomin fasaha don littattafan makaranta. Abin da muke tsoro shi ne a zauna a ofis a fassara « essieu » da « suspension » da dogayen jimloli, ko a kori sitiyari don ta ƙetare ce a kawo wata da ba mai faɗi, alhali makanikai da yaran da suka zama makanikai sun daɗe da sa wa kowane ƙarfe suna.

6. Halin da ake ciki

Ƙirar ba ta mutu ba, amma ta ja baya, kuma dalilan ba ɗaya ba ne. Motar roba ta Sin, mai araha, tana zuwa daga kasuwannin Kano. Wayar salula ta ɗauke idon manyan yara, waɗanda da su ne gwanayen da ƙanana ke koyo gare su. Dila yanzu da igiyar roba ake ɗaure ta, langalanga ya yi wuya, tsohon ƙarfe kuma ya samu masu saye da kilo, har gwangwani ba ya kwana a juji. Kara shi ma ya yi daraja: inda gonaki suka ƙanƙance jama'a ta yi yawa, ana kwashe shi tun da wuri don dabbobi da danga da girki, har sayar da shi ake yi, uba kuwa ba zai zura ido yaro na fere masa dami ba.

A hutun da ya wuce na nemi ɗan ƙanwata, mai shekara goma sha ɗaya, ya ƙera mini a-kori-kura. Ya ce bai san ta ba. Na zana masa a ƙasa, na kwatanta hanci da fitilu da tamfol. Bayan kwana biyu ya kawo mini mota ta kwali da waya, tayoyin silifa, gindi a lotse yadda ya kamata, amma kai na Hilux ne. Da na ce ba ita ba ce, sai ya tambaye ni inda zai je ya ga irin wadda nake faɗi. Na rubuta sunayen da ya ba sassanta ɗaya bayan ɗaya, na tarar sitiyari da birki da bodi suna nan yadda muka bar su, igiyar da ya gitta a zaure kuma har yanzu duwan yake ce mata.